Dan Allah ku daina ajiye warfarin da kanku

Salam 'yan uwa mazauna Jidda da Makka, musamman mata. Yau kam raina a ɓace yake. A asibitin da nake aiki ana ta kawo mana masu lupus da masu antiphospholipid, wato waɗanda garkuwar jikinsu ce da kanta take sa jininsu daskarewa, kuma labarin kusan ɗaya ne, likita ya ɗora mutum kan warfarin, maganin da ke hana jini daskarewa, ya ɗan ji dama, shikenan ya ajiye.

Baiwar Allah ki ajiye saboda me? Wata tace ƙaho za ta yi, wata tace azumi ne, wata kuma maƙwabciya ce ta ce mata wai maganin yana ƙarar da jini. Sai a kwana biyu a shigo da ita ƙafa ɗaya ta kumbura suntum, leɓe yayi duhu, daga ƙofa zuwa gado sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu, in kuma bai narke ba shine yake zama hawan jinin huhu, ɓangaren dama na zuciya yayi ta turawa har ya gaji. Awon hawan jinin da ake ɗaura miki a dantse baya nuna wannan, sai anyi hoton zuciya.

Wallahi na san da wahala, ga kuɗin tahalil, wato gwaje-gwajen asibiti, ga zirga-zirga, ga masu matsalar igama (takardar izinin zama) da ke tsoron ƙofar asibiti. Ina tausaya muku ƙwarai. Amma jin sauƙin nan aikin maganin ne fa, ba warkewa kikayi ba, kuma yawanci shan sa na tsawon rai ne. Ki sha zamzam ɗinki kiyi addu'a, ki haɗiyi ƙwayarki. Sau ɗaya ne a rana, likita zai iya mayar miki da shi bayan buɗa baki, to ina azumi ya hana?

A gurguje:
Gwajin INR, wato awon jinin da ke nuna yadda warfarin ke aiki, a yi shi a kan lokaci, yawanci tsakanin 2 da 3 ake so.
Banda Brufen, banda ƙaho sai likita ya sani.
Kin ga ɓatan wata ki je a ranar, za'a canza miki zuwa allurar heparin, warfarin yana cutar da ɗan tayi.
Haki na farat ɗaya, ciwon ƙirji ko tari da jini, a kira motar asibiti a 997 nan take, kar a tsaya jiran maigida ya dawo daga aiki.