Idan Alƙalami Ya Cije: Kira Ga Malamanmu Na Kebbi

Malamanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Jami'ar Jiha ta Aliero, da na Kwalejin Adamu Augie da ke Argungu, akwai damuwar da ba ku kawo mana ita asibiti da sunanta. Sai dai a ce ciwon kai, ko rashin barci, ko jini ya hau. In aka bi diddigi, sai a tarar babi na biyu na kundin digiri ne ya tsaya cak wata da watanni, ga lokacin ƙarin girma ya matso, ba muƙala a ƙasa.

Malam, ba lalaci ke damunka ba, fargaba ce. Ka rubuta jimla ɗaya, sai jan biron mai duba aikinka ya faɗo maka a rai, ka goge. Jiki kuwa bai san cewa tsoron takarda ne kawai ba: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya gajarce, wuya ya sage. Kai ba ya jera tunani a wannan hali, shi ya sa hannu ke zarcewa ga waya.

A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani horo a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, na mako takwas, don masu fama da ciwo mai naci da matsin rayuwa. Jigonsa shi ne ka dawo da hankali kan abin da ke gabanka, ba tare da ka tsangwami kanka ba. Duk wanda ya taɓa kokawar halarto da zuciya a salla ya san wannan aiki.

Bayan asuba, kafin rana ta yi zafi ɗalibai su fara sallama, kai wayar wani ɗaki. Zauna minti biyar kana bin shigar numfashi da fitarsa. Tunanin albashi zai zo, na makin jarrabawa ma haka; ka lura da shi, ka koma kan numfashi. Daga nan rubutu na minti ashirin, ba gogewa, ko da shirme ne. Gyara aikin wata rana ce. A ganina jiran dogon hutu shi ya fi kashe rubutu, kaɗan kullum ya fi.

Amma in ka wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ranka, don Allah kada ka ce rubutu ne kawai. Ga likita, a auna jininka, a saurare ka. In ya kama, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, nan Sakkwato.