Warin tusa da na bayan gidan yaro: yaushe ne abinci, yaushe ne ciwo?

Kunya ce ke hana iyaye da yawa faɗar wannan magana a asibiti. Uwa za ta ce yaro yana ciwon ciki, ko ba ya cin abinci, sai an yi ta tambaya kafin ta ce ai bayan gidansa ma wari yake yi irin wanda bai saba ba, tusarsa kuma ta yi yawa. Mu da ke aikin lafiya a matakin farko, wannan bayanin muke so mu ji tun da farko, domin sau da yawa shi ke nuna mana inda matsalar take.

Wari shi kaɗai ba ciwo ba ne. A cikin hanjin kowa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sarrafa ragowar abinci, kuma a wajen aikin nasu suke fitar da iska. Idan yaro ya ci ƙwai, nama, wake, kabeji ko albasa, warin kan ƙaru saboda sinadarin farar wuta da ke cikin irin waɗannan abinci, kuma kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Jaririn da nonon uwa kaɗai yake sha, kashinsa ruwan ɗorawa ne, mai laushi, ba shi da wari sosai. Ranar da aka fara ba shi kunu bayan wata 6, launi da wari duk za su canza, wannan kuma ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da nake so uwa ta lura da shi shi ne kamannin kashin, da tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da kuma ko yaron yana ramewa.

Wanda ya fi damuna shi ne wata ƙwayar cuta da ake kira jiyadiya. Ido ba ya ganinta. Tana fita a cikin kashin mai ɗauke da ita, a lulluɓe da wani ɓawo mai tauri da ke sa ta daɗe da rai a ruwa da ƙasa mai laima. Idan yaro ya haɗiye ta, sai ta manne a bangon ƙaramin hanji, bayan mako 1 zuwa 2 ta fara hana jiki tsotsar mai da sauran amfanin abinci. Man da bai shiga jiki ba shi ke fitowa a kashi, sai ka gan shi da maiƙo, da kumfa, da yawa, yana da wuyar wankewa daga fo, ga wari mai tsanani. Cikin yaron ya kumbura, yana ƙugi, gyatsarsa tana warin baragurbi. Yawanci babu jini, babu zazzaɓi mai zafi, zawon kuma yakan zo ya tafi, shi ya sa ake raina shi. Yaro na yawo, yana wasa, amma wata da watanni abincin da ake wahalar nema ana ba shi yana bi ta cikinsa yana wucewa. Daga nan tamowa ke samun ƙofa.

A Sakkwato hanyoyin kamuwa da ita ba ɓoyayyu ba ne: rijiyar da ba ta da murfi, ruwan jarkokin 'yan ga-ruwa da ba a san inda aka ɗebo shi ba, wankan yara a gulbi da kududdufi, latas da karas na lambun fadama da aka ci ba a wanke da ruwa mai tsabta ba. Da damina kuma ruwan sama na kwasar ƙazantar da aka yi a fili ya zuba a inda muke ɗiba. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa ba ya saurin kashe wannan ƙwaya, amma tafasawa tana kashe ta. Don haka ruwan shan ƙaramin yaro a tafasa shi, a bar shi ya huce a rufe. Randa ma a kula da ita, domin moɗar da kowa ke tsomawa da hannunsa tana iya ɓata ruwan da aka tafasa.

Nan ne zancen haƙori ke shigowa. Kaka za ta ce, "Bar shi, haƙori ne, in ya fito zai daina." Ina girmama iyayenmu, kuma abin da suka gani gaskiya ne, yara na yawan zawo a wannan lokaci. Sai dai lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, lokacin da duk abin da hannu ya kama sai baki, kuma lokacin da aka fara ba da kunu da ruwa. Ƙazantar da ta shiga baki ce ke kawo zawon. Duk yaron da aka zauna jiran haƙorinsa alhali yana zawo mai wari na makonni, an bar shi ne da cuta a ciki.

Akwai kuma matsalar madara. Bayan zawo mai tsanani, musamman na wata ƙwayar cuta da ake kira rota ko na jiyadiya, bangon hanji kan ɗan lalace, ya kasa narkar da sukarin da ke cikin madara na wasu makonni. Alamarsa ita ce da an sha madarar gari ko ta gwangwani sai ciki ya ɗauki ƙugi, tusa ta yawaita, kashi ya fito ruwa-ruwa mai tsami har ya ci wa yaro ɗuwawu. Yakan warke da kansa idan hanjin ya murmure. Kada a yaye yaro saboda wannan, nonon uwa na cikin abin da ke warkar da hanjin. Nonon shanu mai tsami ya fi ɗanyar madara sauƙin narkewa, amma furar da za a dama wa yaro a duba ruwan da ƙanƙarar da aka sa mata. Rigakafin rota ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya a 2022, ana ɗiga shi a baki a mako na 6, na 10 da na 14.

Wani abin kuma mu muke jawo shi da hannunmu. Yaro ya yi zawo sau biyu, maigida ya biya kemis ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta. Irin wannan magani ba ya bambance mai cutarwa da mai amfani, sai ya hargitsa hanji, zawo da wari su ƙaru. Flagyl yana maganin jiyadiya, amma da awo gwargwadon nauyin yaro da adadin kwanaki, ba cokali ɗaya yau a manta gobe ba. Maganin tsayar da zawo na manya kuwa ba a ba ƙananan yara shi sam.

Taurin bayan gida ma na kawo tusa mai wari, musamman da bazara da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 yara ba sa shan isasshen ruwa. Kashi ya taru ya yi tauri, wani lokaci mai ruwa ya zagaye shi ya ɓata wando, a ɗauka zawo ne ko ƙuruciya har a doki yaro. Tsutsar ciki na kawo kumburi da rama, shi ya sa ake ba yara maganinta daga shekara 1, duk wata 6. Akwai yara ƙalilan da jikinsu ba ya karɓar alkama, duk cin burodi ko taliya na lalata musu hanji. Wannan sai gwaji a babban asibiti, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Wasu alamu ba a kwana da su a gida. Jini ko majina a kashi. Kashi baƙi ƙirin mai danƙo da mugun wari alhali yaro ba ya shan maganin ƙarin jini, wannan na iya zama zubar jini a ciki. Jariri mai shawara da kashinsa ya koma fari ko toka-toka, hanyar maɗaciya ce ake tsoron ta toshe, kuma jinkiri na lalata hanta. Zawo tsululu kamar ruwan da aka wanke shinkafa tare da amai, a yi tunanin kwalara. Haka idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa sha. Tun a hanya a fara ba da ORS, wato ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin takardar. Ƙwayar zink kuma miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa rabin haka.

Idan kuwa warin da lalacewar cikin sun kai mako 2, ko yaro na ramewa, a zo da shi da katin awonsa, a nemi gwajin bayan gida. A karɓi ƙaramar robar gwaji a asibiti, a ɗebi sabon kashi wanda bai haɗu da fitsari ko ƙasa ba, a kai shi da wuri. Jiyadiya ba kullum take fitowa a kashi ba, saboda haka idan gwajin farko bai nuna komai ba kuma yaro bai samu sauƙi ba, ana iya maimaitawa har sau 3 a ranaku daban-daban.