Waiwaye: Yadda Naman Ƙasa Ya Shiga Kwalbar Magani

Duk mai kiwon kaji a Bukur ko Vom da ya taɓa sayen tiamulin don murar kaji ya yi amfani da maganin da tushensa naman ƙasa ne, wato dangin laimar kwaɗi. A 1951 aka gano sinadarin pleuromutilin a jikin wani naman ƙasa, amma sai 1979 aka amince da tiamulin ga dabbobi, lefamulin na ciwon huhun mutane kuwa sai 2019. Wanda ya haɗa tiamulin da abinci mai monensin ko salinomycin, magungunan zawon jinin kaji, ya san ba wasa ba ne: kaji kan shanye, wasu su mutu.

A Sin an fi shekara dubu ana rubuta amfanin lingzhi, wani naman ƙasa mai tauri kamar itace, wanda masana ke kira Ganoderma. Amma a Japan aka fara binciken zamani gadan-gadan. A 1969 Chihara da abokan aikinsa suka tace sinadarin lentinan daga shiitake, wani naman ƙasa da ake ci, suka ga ƙari ya ragu a jikin ɓeraye. A 1977 Japan ta amince da PSK, sinadarin da aka tace daga wani naman ƙasar dabam, a 1985 ta amince da lentinan. Dukansu a gefen maganin ciwon daji na asibiti ake ba da su, ba a madadinsa ba, kuma lentinan allura ce, ba shayi ba. 'Yan kasuwa ba sa faɗin wannan.

Ganoderma ce ta fi shigo mana, cikin kofi da kafso da ake tallata wa masu ciwon suga da daji. Nazarin 2016 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ya tattara gwaji 5 a kan mutum 373, bai sami hujjar a ɗauke ta a matsayin babban maganin daji ba. Ga kuma rikicin suna: a 2012 aka nuna lingzhi da ake nomawa a Sin jinsi ne dabam da Ganoderma lucidum ta Turai. Don haka wadda aka ɓamɓaro daga kututturen mangwaro a Filato da damina, sai an duba ƙwayar halittarta kafin a jingina mata sakamakon wata.

A gida, B. A. Oso na Jami'ar Ibadan ya rubuta tun shekarun 1970 yadda ake ci da magani da naman ƙasar Pleurotus tuber-regium a kudu. Yawancin aikin da ya biyo baya a jami'o'inmu ya tsaya a kwalbar gwaji da ɓeraye da kaji.

Wurin tacewa ake yawan yin tuntuɓe. Sinadaran iri biyu ne manya. Beta-glucan, mai taɓa garkuwar jiki, yana kulle cikin bango mai tauri da cikinmu ba ya narkarwa sosai, sai an dafa gari a ruwan zafi na awa biyu ko fiye. Triterpene, mai ɗacin nan, ba ya fita da kyau a ruwa, sai da ethanol, wato barasa. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya, rabin kaya ya ɗauko. Sannan wasu masana'antu kan raini saiwar naman ƙasar a kan shinkafa su niƙe duka, a rubuta yawan polysaccharide, dangin da ya haɗa beta-glucan da sitaci, a kwali, alhali sitaci ne ya cika adadin. A nemi adadin beta-glucan kansa.

Shanya ma na ɓata aiki. A watan Agusta na Jos, yankan da ya yi kauri kan yi fumfuna kafin ya bushe. A yanka siriri, a busar a zafin da bai wuce digiri 50 ba. Naman ƙasa kuma yana zuƙar dalma da kadmiyom daga inda ya tsiro, abin lura ne ga mai tsinta kusa da tsofaffin ramukan kuza.

Lambar NAFDAC mai ƙarewa da L tana nufin an sa maganin gargajiya a jerin hukumar ne kawai, ba cikakkiyar rajista ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko aspirin ya gaya wa likitansa kafin ya taɓa Ganoderma, domin tana iya ƙara zubar jini. Naman ƙasar da ake tsinta a jeji kuwa, dafin irin da ake kira Amanita ba ya mutuwa da dahuwa, kuma amai da zawo kan jinkirta awa 6 zuwa 24, lokacin ya riga ya kama hanta.