Gurɓatar zaiba a koramu daga tsofaffin wuraren haƙar zinariya

Zaiba ƙarfe ce mai gudana kamar ruwa, nauyinta ya ninka na ruwa sau 13 da rabi, tana tafasa a digiri 357. Masu haƙar zinariya na cuɗa ta da niƙaƙƙen dutse ta kama ƙwayoyin zinariya, su matse a ƙyalle, su ƙona dunƙulen. Wani kaso yana tashi hayaƙi, wani ya tarwatse ƙanana ya bi ruwan wanki. Wannan na biyun shi ke zama a koramu, kuma ba ya ruɓewa.

A Kalifoniya ta Amurka, inda aka yi rububin zinariya daga 1849, an ƙiyasta kilo miliyan 4 da rabi na zaiba sun zube a wuraren wankin ƙasa, galibi a duwatsun Siyera Nebada. Har yau kowace ambaliya tana zaizayo tsohon tarin ƙasar zuwa koguna.

Babban haɗarin yana cikin laka. A ƙasan ruwa mai kwanciya, inda babu iska kuma ganye ke ruɓewa, wasu ƙwayoyin halitta masu rayuwa da sinadarin salfet suna mayar da zaiba metil-zaiba, wani nau'inta mai tsananin guba. Ita ce ke shiga tsokar kifi, tana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babban da ya ci shi, shi ya sa tsohuwar tarwaɗa ko giwan ruwa suka fi karfasa tara ta. Suya ko banda ba su fitar da ita. Tana lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwar ɗan tayi, kamar yadda aka gani a Minamata ta Japan tun 1956.

A nan ne aikin gyara ke rikicewa. Abin da ake yi don farfaɗo da korama, wato datse ruwa, shuka kacala da faɗaɗa fadama, shi ne ke samar da yanayin da metil-zaiba ke so. Laka da ke bushewa da rani ta sake jiƙa da damina ta fi muni, kuma haka tabkunan Damagaram suke, daga Gidimuni zuwa kwarin Korama. Ƴan ƙasar da suka koyi haƙar zinariya a Jado, arewacin Nijar, tun 2014, in suka wanke ƙasar zinariya a bakin tabki, sun bar wa masunta da masu garka matsalar shekaru.

Saboda haka awo ke gaba da komai: laka daga sama da daga zurfi, da tsokar manyan kifaye. Awon ruwa kaɗai yana ruɗi, don ruwan kan fito lafiya lau alhali kifin ya gurɓata. Sai a toshe tushen, a kwashe tarin ƙasar wanki daga hanyar ruwa, a ɗaure gaɓa da dutse. Yashe laka a cikin ruwa yana tayar da abin da ya kwanta ya tura shi gangare. Gara a jira rani a kwashe a bushe, ko a rufe da yumɓu da rairayi mai tsabta. Ana kuma gauraya gawayi na musamman da lakar don ya riƙe gubar.

Sake sarrafa tsohuwar ƙasa da sayanayid, sinadarin da ke narkar da zinariya, ba tare da cire zaiba ba yana narkar da zaibar ta bi ruwa da sauri. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan zaiba, ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, ta sa wannan cikin ayyukan da ya kamata a kawar, tare da ƙona dunƙule a fili ko cikin unguwa.