Dokar kwastam da tsohuwar motar ƙawa: abin dubawa kafin ka ba da kafin alƙalami

A dokar Najeriya, motar da ta shigo ƙasa ba a biya mata kuɗin fito ba, ko aka biya ƙasa da abin da ya wajaba, a hannun wanda aka same ta ake kama ta. Jami'in da ya tsayar da kai a hanyar Kaduna zuwa Kano ba ruwansa da wanda ya shigo da ita, ko hannu nawa ta bi kafin ta zo naka. Motar yake nema. Haka abin yake tun zamanin tsohuwar dokar kwastam, kuma sabuwar dokar hukumar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Afrilun 2023 ba ta sassauta ba. In ka ce ba ka sani ba, mai yiwuwa gaskiya ka faɗa, amma motarka tana hannunsu, kai kuma sai ka koma neman dillalin da ya ci la'adarsa tun bara.

Na zaɓi yin wannan bayani a kan ƙananan motocin ƙawa masu kujera biyu, irin su Porsche Boxster da Cayman, BMW Z4, Audi TT da Mercedes SLK, don a kansu matsalar ta fi tsanani. Su ne matakin farko na motocin gudu na alfarma, su ne matashin da ya fara samu yake hange, kuma kusan duk wadda ka gani a Abuja ko Kano tsohuwa aka shigo da ita. Kuɗin fitonsu yana da nauyi, saboda haka kwaɗayin zille masa ya fi yawa. Ga shi kuma ba sa ɓoyuwa a titi. Corolla tana iya sajewa cikin dubu, amma jar mota mai buɗaɗɗen rufi tun daga nesa ake ɗaga mata hannu a shinge.

Dokar farko ita ce ta shekaru. A jerin kayan da aka haramta shigowa da su akwai tsohuwar motar da ta haura shekara 12 daga shekarar da aka ƙera ta. A da iyakar 15 ce, aka rage. Wato a shekarar 2026, misali, motar 2013 ta fita daga layi. To, a nan gizo yake saƙa, domin waɗanda suka fi araha a gwanjon waje su ne daidai waɗanda suka fita: Boxster da Cayman samfurin 987 da aka daina ƙerawa a 2012, da farko-farkon Z4 samfurin E89 wadda ta fara fitowa a 2009. Wanda yake son shigowa da Porsche bisa doka yau, sai dai ya nemi ƙarshen samfurin 981 ko 718 da ta fito a 2016, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne da na waccan.

Akwai abin da mutane suke ruɗewa a kai. Iyakar shekarun ta shafi ranar shigowa ne, ba ranar da kake saye ba. Cayman ɗin 2008 da ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas a 2015 aka biya mata komai, halastacciya ce har gobe, kana iya sayenta hankali kwance. Cayman ɗin 2008 da aka ce maka "yanzu ta sauka", ita ce abin tambaya: ta ina ta sauka, kuma wace shekara aka rubuta mata a takarda?

Ba sai ka yarda da bakin kowa kan shekarar mota ba. Kowace mota ta zamani tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, bakanikenmu kuma su ce lambar chasis. Za ka gan ta ta cikin gilashin gaba, ƙasa, ɓangaren direba, kuma tana nan a jikin ƙofar direba idan ka buɗe. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na 10 shi ne shekarar samfurin: D 2013 ce, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. Ba a sa I, O ko Q a lambar gaba ɗaya, don kada su rikice da 1 da 0. Motocin Porsche masu ƙofa biyu da WP0 suke farawa, W ɗin kuma alamar Jamus ce. Ka sa yatsa ka ƙirga da kanka, sannan ka gwada lambar gilashi da ta ƙofa da ta kowace takarda da aka miƙo maka. Harafi ɗaya in ya saɓa, cinikin ya tsaya nan.

Doka ta biyu ta fi shafarmu a Arewa. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da motoci, sababbi da tsofaffi, ta kan iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Shekara da shekaru hanyar mota ta mutanenmu ita ce Kwatano, a biyo ta Nijar, a ɓullo ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, har "'yar Kwatano" ta zama sunan kowace tsohuwar motar waje. Wannan suna da a da yabo ne, yanzu dalilin ƙara bincike ne. Motar da ta tsallako ta daji bayan 2017 ba ta da hanyar samun takardar fito ta gaskiya a ranar da ta shigo, sai dai in an gyara mata zama daga baya. An taɓa ba da irin wannan dama: a watan Maris na 2024 hukumar kwastam ta buɗe ƙofa ta kwana 90 ga masu motocin da suka shigo ba bisa ƙa'ida ba, su biya kuɗin fito da tarar kashi 25 cikin 100. In mai sayarwa ya ce tasa ta bi ta nan, ya nuna rasit ɗin.

Sai maganar kuɗin kansa, wadda ita ce uwar matsalar. Bisa tsarin da aka kafa a watan Afrilun 2022, tsohuwar mota tana biyan kashi 20 na kuɗin fito da ƙarin kashi 15 na harajin bunƙasa masana'antar motoci. Ana lissafa su ne a kan darajar mota haɗe da kuɗin jirgi da inshora. Sannan ga ƙarin kashi 7 a kan kuɗin fiton, ga rabin kashi ɗaya na ECOWAS, a ƙarshe a ɗora VAT na kashi 7.5 a kan jimillar duka. A ɗauka, don misali kawai, an yi wa mota darajar dala 20,000. Fito dala 4,000, harajin masana'anta 3,000, ƙananan caji wajen ɗari huɗu, VAT ya ɗan haura 2,000. Ka ga an haura dala 9,400, kusan rabin kuɗin motar, ba a zo kan kuɗin tasha da na wakilin fito da na ɗauko ta daga Legas ba. Waɗannan kason suna sauyawa duk lokacin da ma'aikatar kuɗi ta fitar da sabuwar takardar manufofin haraji, don haka a nemi lissafin ranar da za a biya. Kuma da canjin da hukumar take amfani da shi a ranar ake juya dalar zuwa naira. Kafin watan Yunin 2023 canjin kwastam wajen naira 422 ne, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,400. Mota ɗaya, kaso ɗaya, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku.

Darajar ma ba kai kake faɗa ba. A watan Fabrairun 2022 hukumar, ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta fara tsarin ƙiyasta daraja da lambar VIN: a sa lamba a kwamfuta, ta fito da kamfani da samfuri da shekara da kuɗin da za a biya. Wakilan fito a Legas suka yi bore, aka dakatar da shi na ɗan lokaci, aka dawo da shi a watan Mayu. Cikin kukan da suka yi har da cewa ana yi wa tsofaffin motoci kuɗin motar 2013. Ni dai ina ganin tsarin, duk da tsadarsa, ya fi wa mai saye alheri, domin kafin zuwansa ciniki ake yi a kan daraja, kuma dabarar da aka fi yi ita ce a rage shekara a takarda ko a rubuta ƙaramin samfuri a madadin babba. Wanda ya yi wannan ya ci ribarsa ya tafi. Ragowar bashin yana nan a wuyan motar, kuma ranar da aka gano, mai riƙe da makulli za a ce ya cika. Saboda haka kasancewar takarda ta gaske ce bai isa ba. Ka karanta abin da aka rubuta a ciki: in motarka Cayman S ce ta 2016 amma takardar ta ce wani abu daban, an biya fito ne a kan motar da ba ita ba.

Takardun da za ka nema su ne takardar bayyana kaya da ake kira SGD, mai ɗauke da lambar da 'yan tasha suke cewa C-number, da takardar ƙiyasin haraji, da rasit ɗin banki, da takardar izinin fita daga tasha. Kada ka tsaya kan hoton da aka turo maka a WhatsApp. Ka ɗauki lambar, da shekarar biya, da sunan tashar da aka biya, ka kai ofishin kwastam a tabbatar maka, ko ka yi amfani da manhajar tantancewa ta intanet da hukumar ta buɗe a 2025, inda lambar VIN kawai ake sawa. Dillali zai ce, "Haba Alhaji, ga lamba a jikinta, ga takardun lasin, me kuma ake nema?" Lamba ta hukumar jiha ce, fito na gwamnatin tarayya ne. Samun ɗaya bai wanke ɗaya ba.

Sitiyarin dama ba ya buƙatar dogon bayani. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma dokokin hanya sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista. Irin waɗannan motoci suna da araha a Ingila da Japan, shi ya sa ake sayowa a juya sitiyarin a gareji. Motar da aka ƙera don ta yi gudun da ya wuce kilomita 200 a awa, aka yanke mata sandar sitiyari aka yi walda, ko kyauta aka ba ni ba zan sa ɗana a ciki ba.

Abin da takardar kwastam ba ta faɗa shi ne lafiyar mota, kuma a nan dokar Amurka take taimakon wanda ya san ta, tunda daga gwanjon Copart da IAA da yawansu suke fitowa. A can kowace mota tana da takardar mallaka da jiha take bayarwa, kuma idan kamfanin inshora ya yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, a kan yi wa takardar tambarin salvage, wato ragargazazziya. Wasu jihohin suna da tambari na daban ga wadda ambaliya ta cinye. Dokar fitar da mota daga Amurka ta wajabta a gabatar wa kwastam ɗinsu takardar mallakar aƙalla awa 72 kafin jirgi ya tashi, don haka wanda ya shigo da motar bisa ƙa'ida ba zai ce bai taɓa ganin takardar ba. Ka nemi kwafinta. Ka kuma biya 'yan daloli a ciro maka tarihin lambar VIN a Carfax, shafin da ke adana tarihin motoci, sau da yawa ma in ka sa VIN ɗin a Google hotunan ranar gwanjo za su fito, ka ga gaban motar a murƙushe kafin fenti ya rufe. Waɗanda ambaliya ta cinye sun fi ban tsoro. Bayan guguwar Harvey a Houston a 2017 da Ian a Florida a 2022, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse. A Boxster da Cayman akwai na'urar lantarki a ƙarƙashin kujera, inda ruwa yake fara kwanciya. Ɗaga kafet, shinshina, haska tocila a ƙarƙashin kujerar ka duba ko ƙusoshin sun yi tsatsa ko akwai busasshen laka a lungu. Dokar Amurka ta kuma wajabta rubuta adadin tafiyar mota duk lokacin da ta sauya hannu, kuma ga samfurin 2011 zuwa sama wajibcin yana nan har shekara 20. In tarihi ya nuna mil 90,000 shekara biyu da suka wuce, allon gaban direba kuma yana nuna 48,000 yau, an taɓa shi.

Binciken lambar yana kuma tsare ka daga motar sata. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. Wanda aka samu irin wannan a hannunsa, ko da kuɗinsa na halal ya saya, ba shi da mota.

Mu da muka saba ciniki da "na sayar, na saya" da shaidu biyu, a kan irin wannan mota mu ƙara da rubutu. A rubuta lambar VIN cikakkiya, da lambar takardar fito, da sunan mai motar na ainihi ba dillali kaɗai ba, a kuma rubuta ƙarara cewa idan hukuma ta kama motar saboda fito ko sata, ko aka gano aibin da aka ɓoye, mai sayarwa zai dawo da kuɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa, sai dai alƙali hujja yake nema. A biya ta banki zuwa asusun da yake ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniyar. Kafin alƙalami kuma ya jira har sai amsar kwastam ta dawo, ko da dillali ya rantse cewa wani yana kan hanya da kuɗi a hannu.