Waiwaye: Bess ta Hardwick, matar da ta yi takaba huɗu ta kafa gidan sarauta

Wanda ya doshi gidan Hardwick a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, tun daga nesa zai hango haruffa biyu, E da S, an sassaƙa su da dutse a ƙolin hasumiyoyin gidan. Farkon sunan mai gidan ne, Elizabeth Shrewsbury, wadda aka fi sani da Bess ta Hardwick. A zamaninta, da zarar an ɗaura wa mace aure a Ingila, kuɗinta da kayanta sun zama na miji, gonakinta ma shi ke juya su ya ci amfaninsu. Sai a 1882 doka ta sakar wa matar aure dukiyarta gaba ɗaya. To ta yaya mace ta ɗora sunanta a kan gini irin wannan tun shekaru kusan 300 kafin nan?

Akwai wata ƙofa da dokar ta bari a buɗe. Matar da mijinta ya rasu tana da 'yancin mallaka da sayarwa da shigar da ƙara da sunanta, kuma tana da haƙƙin cin sulusin amfanin ƙasar mijin har ƙarshen rayuwarta. Sau huɗu Bess ta bi ta wannan ƙofa, kowane karo kuma ta fito da abin da ya fi na baya.

An haife ta a wajajen 1527 a gidan ƙaramin mai gonaki, John Hardwick, wanda ya rasu tana jaririya. Da yake magajinsa James yaro ne, hukuma ta karɓe riƙon yawancin ƙasar har sai ya girma, iyalin suka shiga ƙunci. A 1543 aka aurar da ita ga wani yaro maƙwabcinsu, Robert Barlow, wanda bai fi shekara 14 ba. Ya rasu a ƙarshen 1544, danginsa suka hana ta sulusinta. Yarinyar da ba ta kai shekara 20 ba ta kai su kotu, ta jure jan ƙafar shari'a har aka ba ta. Ina ganin daga nan ta gane cewa takarda da shaida su ne gatan macen da ba ta da uba.

Aurenta na biyu shi ne tushen komai. A watan Agustan 1547 ta auri Sir William Cavendish, ma'ajin fadar sarki, wanda ya girme ta da kusan shekara 20 kuma ya riga ya binne mata biyu. Arzikinsa ya samo asali ne daga aikin ƙwace kadarorin gidajen ibadar Katolika a zamanin Sarki Henry na Takwas. Ya sayar da filayensa na kudu suka koma yankin su Bess, inda suka sayi gidan Chatsworth da filayensa a 1549 a kan fam 600. An rubuta kadarorin da sunan su biyu, don kada abin da ya faru da ita tana jaririya ya faru da 'ya'yanta. Sun haifi takwas, shida suka rayu. Ko wajen zaɓar wa yaran iyayen baftisma akwai lissafi: Gimbiya Elizabeth, wadda daga baya ta hau gadon sarauta, ita ta tsaya wa ɗan farinsu namiji, Henry.

Cavendish ya rasu a 1557 ya bar mata bashin fada na sama da fam 5,000. Miji na uku, Sir William St Loe, shugaban dogaran Sarauniya Elizabeth, ya yi amfani da kusancinsa da fada aka sassauta bashin. Da ya rasu a wajajen 1565 sai aka tarar ya yi wasiyyar dukiyarsa duka ga Bess, ya bar 'ya'yansa mata na auren fari hannu rabbana. Wannan ya jawo mata baƙin jini, kuma ban ga yadda za a wanke ta tas daga zargin ba.

Yanzu ta zama bazawarar da manyan ƙasa ke rububi. Wanda ya samu shi ne George Talbot, Earl (wata babbar sarautar gado ta Ingila) na Shrewsbury na shida, ɗaya daga cikin attajiran ƙasar na sahun gaba. Ba ta shiga gidansa ita kaɗai ba. A watan Fabrairun 1568 aka ɗaura aure biyu rana guda: 'yarta Mary mai shekara 12 ta auri ɗansa Gilbert, ɗanta Henry kuma ya auri 'yarsa Grace mai shekara 8. An yi tuwona maina, dukiya ba za ta fita waje ba. Amma nan ne zuciyata ke sosuwa, domin yaran ne suka biya kuɗin wannan dabara. Auren Henry da Grace bai yi daɗi ba, ba su haihu ba, Henry ya watse da bashi da neman mata, har uwarsa ta cire shi daga wasiyyarta.

A 1569 Sarauniya Elizabeth ta danƙa wa Shrewsbury tsaron Mary, hamɓararriyar sarauniyar Sikotland. Shekara 15 tana hannunsu, ana yawo da ita tsakanin Tutbury da Wingfield da Chatsworth da Sheffield. Da farko matan biyu sukan zauna su yi ta surfani tare, kuma wasu daga cikin ɗinkunan suna nan a gidan Oxburgh har yau. Sai dai ciyar da fursuna mai sarauta da tarin barorinta ya cinye aljihun Shrewsbury, zargi ya shiga tsakanin miji da mata. Ana cikin haka, a 1574, Bess ta haɗa auren 'yarta Elizabeth da Charles Stuart, ƙanen marigayi mijin Mary ta Sikotland, ba tare da izinin fada ba. Jinin sarauta ne, don haka duk abin da suka haifa yana cikin masu iya gadon Ingila. Sarauniya ta fusata, ta tura uwar ango kurkukun Hasumiyar Landan. A 1575 ma'auratan suka haifi 'ya mace, Arbella.

Aure ya ƙarasa lalacewa a shekarun 1580. Shrewsbury ya ce Chatsworth nasa ne tunda matarsa ce, a 1584 ya tura mutanensa suka mamaye gidan, Bess ta koma Hardwick, mahaifarta, wadda ta saya bayan ɗan'uwanta James ya mutu cikin bashi. Sarauniya da kanta ta shiga sulhu, hukunci ya fi karkata ga Bess saboda takardun da ke hannunta, amma zama bai koma ba. Da Shrewsbury ya rasu a watan Nuwamban 1590, sulusinta ya haɗu da abin da ta riga ta tara, ya zama ba macen da ta fi ta dukiya a ƙasar sai sarauniya. Ba ta zauna tana ci kawai ba: tana da ma'adinan darma da kwal, tana ba da rance a kan jinginar ƙasa, ita ke bin littafin lissafi tana sa hannu. Tana da shekara sama da 60 ta fara sabon gidan Hardwick, ta tare a 1597. Gilashi abu ne mai tsada a lokacin, ita kuwa ta zuba tagogi har mutane suka riƙa cewa gilashin gidan ya fi bangonsa yawa.

Burinta a kan 'ya'ya maza ya cika. Ɗanta William ya samu sarautar Earl na Devonshire a 1618, zuriyarsa ta samu ta Duke, wadda ta fi ta Earl girma, a 1694, kuma har yau su ke Chatsworth. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ma jininta ce ta wajen kakarta ta uwa.

Arbella kuwa ta tashi marainiya a hannun kakarta, ana tsaronta kamar ƙwai, har ta kai shekara 27 ba aure, tana kwana a ɗakin tsohuwar. Da ta nemi mafita ta hanyar ƙulla aure a ɓoye a ƙarshen 1602, asiri ya tonu, Bess ta cire ta daga wasiyya. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta rasu, sarauta ta tafi ga James, ɗan Mary ta Sikotland. Bess ta rasu ranar 13 ga Fabrairu, 1608, aka binne ta a cocin All Saints na garin Derby, a kabarin da ta sa aka gina tun tana raye. Bayan shekara biyu Arbella ta auri William Seymour ba da yardar sarki ba, ta yi yunƙurin gudu ta teku aka kamo ta. A Hasumiyar Landan ta rasu a 1615, bayan ta daina cin abinci.