Neman haɗi a LinkedIn: me zan rubuta don a karɓe ni?

An buɗe LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, a shekarar 2003, Microsoft ya saye shi a 2016, yanzu kuma masu rajista a cikinsa sun haura biliyan ɗaya. A cikin wannan cunkoso, manaja ko malamin jami'a zai iya tashi da safe ya tarar da buƙatun haɗi jibge, daga mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. Ɗan saƙon da ka haɗa da buƙatarka shi ne sallamarka a ƙofar gidansa.

Dole ne sai na rubuta wani abu? Ba zan danna "Connect" kawai ba?

Idan abokin karatunka ne ko wanda kuka yi aiki tare, sunanka da hotonka sun isa. Amma baƙo fa, bai san ka ba, bai san inda ka samo shi ba. A manhajar waya, sau da yawa da ka danna maɓallin sai buƙatar ta tafi babu ko kalma ɗaya. Don haka ka shiga shafin mutumin, ka danna ɗigo ukun nan, a nan za ka ga inda ake rubuta saƙo.

Nawa ne tsawon saƙon?

Gajere ne ƙwarai. Masu biyan kuɗin Premium haruffa 300 suke da su, masu amfani da shi kyauta kuwa 200, kuma sarari da waƙafi duk suna cikin lissafin. Masu kyauta ma an ƙayyade musu yawan irin wannan saƙo a wata, saboda haka ba a zubar da shi kan kowa.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke tuntuɓe. Mun saba da gaisuwa mai tsawo, kuma abu ne mai kyau: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Amma kafin ka gama jero su wurin ya cika, ba ka faɗi ko kai wane ne ba. Sallama ɗaya ta wadatar. Sauran gaisuwar ka ajiye ta sai an karɓe ka, lokacin akwai fili.

To me ya kamata ya shiga ciki?

Ko kai wane ne, inda ka san mutumin, da dalilin da ya sa shi kake nema ba wani ba. Na ƙarshen nan ya fi komai nauyi a wurina, don shi ke nuna cewa ka karanta shafinsa. Ga misali:

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a sashen lantarki na BUK. Na karanta rubutunki na jiya kan batirin sola, ya warware min abin da ya ɗaure min kai. Ina so in ci gaba da koyo a wurinki."

Wannan bai kai haruffa 200 ba, kuma ba za a iya kwafarsa a tura wa wani ba. Idan kun haɗu a taron bita ne, ka ambaci taron da abin da kuka tattauna. Idan wani ne ya turo ka, ka faɗi sunansa, amma sai da izininsa. Ka duba muƙami da yadda ake rubuta sunan mutum kafin ka tura. Kiran Farfesa da "aboki" ko kuskuren harafi a suna yana ɓata komai.

Aiki nake nema. Me zai hana in faɗa kai tsaye?

Na san zafin zaman banza, ban raina mai neman ba. Amma "Yallabai a taimaka min da aiki" a saƙon farko yana ɗora wa mutum nauyin da bai shirya ɗauka ba, kuma hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya yi shiru. Ka bari ku saba, ka riƙa tofa albarkacin bakinka a kan rubuce-rubucensa. In kuwa shi ne ya sanar da gurbin aiki, to ka ambaci gurbin da sunansa, ka ce ka riga ka tura takardunka.

Da Hausa ko da Turanci?

Ka duba harshen da yake rubutu da shi a shafinsa, ka bi shi. Wanda yake Yamai ko Maraɗi zai iya zama Faransanci ya fi amfani da shi a harkar aiki, Hausar ma ta fi Turancin kusa da shi.

Na tura, shiru. In sake?

Ka yi haƙuri tukuna, ba kowa ke leƙa LinkedIn kullum ba. Buƙata tana nan har wata shida kafin ta faɗi da kanta, kuma idan ka janye ta sai ka jira har mako uku kafin ka sake turawa. Akwai kuma iyakar buƙatun da ake turawa a mako, sannan idan mutane da yawa suka nuna ba su san ka ba, ana iya taka wa asusunka birki. Manyan mutane ma wasu sun riga sun cike gurbinsu na haɗi 30,000. Irinsu sai dai ka danna "Follow", rubuce-rubucensu za su riƙa iso maka.